Ladabi Kafin Shuri: Dokokin Makarantar Taikwando

In an ambaci Taikwando, abin da ke faɗo wa yawancin 'yan'uwana ɗalibai a rai shi ne tsalle da shuri da fasa katako, irin wanda su kan gani a silima. Iyaye kuwa su kan ce ai wannan koya wa yara faɗa ne kawai. Shekara biyu ke nan ina koyon wasan nan a lokacin hutu, saboda haka na ga ya kamata in bayyana yadda makarantarsa take. Abin da na gane shi ne, kusan kowace dokar ladabi da ke cikinta an kafa ta ne don ta tsare jikin wani.

Taikwando wasa ne na mutanen Koriya. Sunan ya haɗa kalmomi uku: "tai" watau ƙafa, "kwan" watau dunƙulallen hannu, "do" kuwa hanya. A shekarar 1955 aka raɗa masa wannan suna. A 1972 aka buɗe Kukkiwon a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, wadda ita ce babbar cibiyar da ke ba da shaidar baƙar ɗamara. Ya zama cikakken wasan Olamfik a Sidni a shekarar 2000. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya tagulla a Bejin a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga kuma ya ciyo wa Nijar azurfa a Riyo a 2016.

Ɗakin da a ke koyon wasan ana kiransa dojang. Kafin mutum ya shiga sai ya tuɓe takalmansa a ƙofa, ya tsaya, ya ɗan sunkuyar da kai. Haka zai yi wa malami, wanda a ke kira sabom, haka kuma zai yi wa abokin karawarsa kafin su fara da bayan sun gama. Wannan gaisuwa ce irin ta Koriyawa, kamar yadda mu kan rusuna wa manya. Tuɓe takalmi kuwa, ban da girmamawa, yana hana tsakuwa da ƙaya hawa kan dandamalin da kowa ke takawa ƙafa ba takalmi. In ɗalibi ya makara, sai ya tsaya a gefe har malami ya yi masa izini, don wanda ya kutsa cikin masu shuri ba zato, ko ya ji ciwo ko ya sa wani ya ji.

Tufafin wasan, watau dobok, lalle ne su kasance da tsabta, ɗamara kuma a ɗaure daidai. Ba a shiga da agogo ko zobe ko sarƙa ko 'yan kunne. Dole a yanke ƙumba ta hannu da ta ƙafa, domin ƙumba ɗaya ta isa ta tsage wa mutum fatar ido. Ba a tauna cingam, kada ya sarƙe mutum sa'ad da ya ke haki. In tufafin mutum sun kwance, sai ya juya baya ya gyara, sa'an nan ya juyo. Mai ciwo ko zazzaɓi kuma wajibi ne ya gaya wa malami tun kafin a fara.

Idan lokaci ya yi sai a jeru, manya a gaba, sababbi a baya, yadda na baya zai riƙa kallon na gaba yana koyi. Da Koriyanci a ke ba da umurni. In malami ya ce "caryot", kowa ya ƙame, in ya ce "kyongne", a gaisa, in ya ce "shijak", a fara. Ba a soma shuri sai an yi gudu da miƙe gaɓoɓi jiki ya ɗumama, saboda jijiyar da ba ta warware ba saurin gurɗewa gare ta. Surutu da dariya an hana su, kuma dalilin a fili ya ke. Akwai kalmar "kalyo", watau a rabu, wadda in aka faɗe ta dole kowa ya tsaya nan take, ko da ƙafarsa tana sama. Wanda ya saba yin biris da ƙananan umurni, ran da aka ce "kalyo" ma ba zai ji ba, alhali kuwa abokinsa ya riga ya faɗi.

Karawa tsakanin mutum biyu ita ce wurin da haɗari ya fi yawa, don haka dokokinta suka fi tsanani. Ba a yin ta sai malami yana tsaye. Kowa zai sa hular kwano mai taushi, da sulken ƙirji da a ke kira hogu, da matsarin ƙwauri da na damtse, da safar hannu, da robar haƙora, da abin tsare mara. A dokar wasan Olamfik an hana naushi a fuska, an hana duka ƙasa da ƙugu, an hana taɓa wanda ya faɗi. Wanda ya karya ɗaya daga cikinsu sai a ba abokin karawarsa maki. In an haɗa babba da sabon shiga, a kan babban nauyi ya ke, shi zai rage ƙarfi ya koya wa ƙaninsa. Wanda ya bugu a ka har ya ga jiri, wasansa na ranar ya ƙare, sai likita ya duba shi, kome kuwa rantsuwar da zai yi cewa ya warke.

Ɗamara ma tana da nata darasi. Daga fara a ke somawa, a bi launi launi har a kai baƙa, kowane mataki da jarrabawarsa. Baƙar ma hawa tara ce. A tsarin Kukkiwon, yaron da bai kai shekara 15 ba, kome gwanintarsa, ɗamara mai rabi ja rabi baƙi a ke ba shi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana.

Akwai ƙa'idodi biyar da a ke koya wa ɗalibi: ladabi, gaskiya, juriya, kamun kai, da zuciyar da ba ta karaya. A ganina ta huɗun ta fi shafar mu 'yan makarantar kwana. Wanda ya koyi shuri ya zo ɗakin kwana yana gwadawa a kan 'yan aji ɗaya, ko ya riƙa koya wa abokansa a bayan aji ba malami ba sulke, ya saɓa wa wasan tun daga tushe. Malamin kirki ya kan kori irin wannan ɗalibi, don abin da ya koya na kare kai ne in an rasa mafita.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, in yaro ya nemi izinin koyon Taikwando, su je da kansu su zauna su ga darasi guda. Su duba ko akwai kayan kariya da akwatin magani, ko malamin yana da shaida, ko kuma yara suna tsayawa da zarar an ce su tsaya. In sun tarar da haka, to, su kwantar da hankalinsu. In kuwa sun ga ana barin manya suna jibgar ƙanana da sunan horo, su kama hannun ɗansu su fita, don rigakafi ya fi magani.