Mai Hoton Bamako Da Bai Saki Sana'arsa Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ga labarin Malik Sidibe, mai ɗaukar hoto na birnin Bamako ta ƙasar Mali, ko mai hankali ya tsinci abin amfani a ciki. Hukuncin hoto kuwa, malamai sun saɓa a kansa, wannan an bar wa ma'abutansa. Abin nufi a nan shi ne halin mutum da sana'arsa.

Malik Bafillace ne, an haife shi a ƙauyen Soloba, ya tashi yana kiwo, ido ɗaya kuma ya mutu masa tun yana ƙarami. Da aka sa shi makarantar boko sai aka ga Allah Ya hore masa zane. A 1952 aka kai shi makarantar sana'o'in hannu ta Bamako, ya koyi ƙirar kayan ado, ya fita a 1955. Ga sana'a a hannu wadda ba ta rasa masu saye, amma da wani Bafaranshe mai hoto, Gérard Guillat, ya kira shi ya ƙawata masa kanti, sai zuciyarsa ta ɗamfaru da aikin. Ya ajiye ƙira, ya yarda ya koma almajiri. A 1956 ya sayi na'urarsa ta fari, a 1962 kuwa ya buɗe kantinsa a unguwar Bagadaji.

Kada a zaci aikin hutu ne. Da dare ya hau basukur ya bi wuraren biki, ya komo ya kwana wankin hoto, gari na wayewa ya baje su, mai so ya zaɓa ya biya. Dodon kowane hoto kuwa, watau baƙar takardar nan da ake sake wanko hoto daga gare ta, sai ya adana shi cikin kwali, ya rubuta kwanan wata.

Sa'an nan jarrabawa ta zo. Wajen 1980 hoto mai launi ya shigo, injuna na wanke shi da sauri da araha, jama'a suka juya wa baƙi da fari baya. Kasuwa ta faɗi. Da kuɗi ne suka kawo shi, da nan ya rufe ƙofa, gama ɗan kasuwa ba ya zama kan hajar da ba ta tafiya. Malik bai tashi ba. Ya zauna cikin kantinsa yana gyaran na'urorin mutane don ciyar da iyali, kwalayensa kuma suna nan jere, bai zubar ba, shekara da shekaru.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse. A 1994 aka yi taron masu hoto na Afirka na fari a Bamako, aka nuna aikinsa, a 1995 aka kai shi Faris ta Faransa. A 2003 mutanen Suwidin suka ba shi kyautar Hasselblad, a 2007 kuma birnin Banis na Italiya ya ba shi lambar Zakin Zinariya, shi ne mai hoto na fari da ya same ta. Kwalayen nan da ba mai kula da su suka zama shaidar yadda mutanen Mali suka rayu bayan mulkin kai na 1960. Ya rasu a Bamako cikin Afrilu 2016.

To, ba a ce a raina riba ba, ciyar da iyali wajibi ne, shi ma bai kwanta ya bar su da yunwa ba. Ba kuma kowane mai haƙuri ke ganin lambar zinariya ba, arziki rabo ne. Amma malamin da almajiransa suka ragu, da attajirin da kasuwa ta juya masa, kowa ya tambayi kansa: don me ya kama abin da ya kama? Wanda ya kama don kuɗi, ran da kuɗi suka yanke ran nan zai saki.

Allah Ya jiƙan Malik, Ya sa albarka a sana'ar kowane mai neman halal. Amin. Tamat.