Furen Sakura: Itacen da Jama'a Ke Tafiya Kallonsa

Jama'a, a wannan wata za mu leƙa ƙasar Japan. Ƙasa ce ta tsibirai a can gabashin duniya. Akwai wani itace a wurinsu da ake kira ceri. Su mutanen Japan suna kiransa sakura. Sau ɗaya yake fure a shekara. Idan ya yi fure, mutane sukan bar gidajensu su tafi kallo.

Yaya itacen yake?

Lokacin sanyi a Japan yana da tsanani. A wurare da yawa ƙanƙara ce ke rufe ƙasa. Itacen sakura yakan zubar da ganyensa duka, ya tsaya kamar busasshe. Da zarar sanyi ya ja baya, sai fure ya fito tun kafin ganye. Furen fari ne, an ɗan sirka shi da ja. Yakan lulluɓe rassa har ka ce auduga ce aka baza a kai.

Furen ba ya daɗewa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu iska ta kakkaɓe shi. Shi ya sa ake rububin kallonsa. Wanda ya makara, sai baɗi.

Akwai irin ceri da ake shukawa don 'ya'yansa. Amma na kallo ba don ci ake shuka shi ba. Irin da ya fi yawa a Japan sunansa Somei Yoshino. Ba daga ƙwallo ake samunsa ba. Aure ake yi masa, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Saboda asalinsu ɗaya ne, itatuwan gari guda sukan yi fure kusan lokaci ɗaya.

Al'adar kallon fure

Kallon furen yana da suna a harshensu, wato hanami. Al'ada ce da ta fi shekara 1,000. Iyali da abokai sukan shimfiɗa tabarma a gindin itace. Su ci abinci, su yi hira, yara su yi wasa. A watan Afrilu ne kuma ake buɗe sabuwar shekarar makaranta a Japan. Don haka yaro yakan fara zuwa aji lokacin da furen ya cika.

Furen ba ya fitowa rana ɗaya a faɗin ƙasar. Yakan fara daga kudu inda ake ɗumi. A tsibirin Okinawa tun watan Janairu ake ganinsa. A birnin Tokiyo da birnin Kiyoto sai ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu. A tsibirin Hokkaido da ke arewa sai ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Ma'aikatan hukumar yanayi suna da itace guda da suke dubawa a kowane babban gari. Idan fure biyar ko shida suka buɗe a jikinsa, sai a sanar cewa lokaci ya yi.

Wuraren da aka fi zuwa

Na farko shi ne Dutsen Yoshino, a yankin Nara. Akwai itatuwa wajen 30,000 a jikinsa. Na gindin dutse ne ke fara fure. Sannan na tsakiya, sannan na sama, domin sama ta fi sanyi. Saboda haka kallo yakan ɗauki makonni a can.

Na biyu shi ne lambun Ueno a cikin Tokiyo. Nan ne mutanen birni suka fi cika.

Na uku shi ne lambun Hirosaki a arewa. Yana da itatuwa wajen 2,600. Mutanen yankin manoman tuffa ne. Sun ɗauki dabarar sassabe rassan tuffa, suka yi wa sakura. Da haka tsofaffin itatuwa suka ci gaba da fure mai yawa.

A garin Miharu kuma akwai itace guda da aka ce ya fi shekara 1,000. An tokare rassansa da sanduna don kada su karye. Shi kaɗai ake zuwa kallo.

Ba a Japan kawai ake samunsa ba. A Koriya ta Kudu, garin Jinhae yana yin babban biki na wannan fure kowace shekara.

Kyautar da aka ƙone

A Washinton, babban birnin Amurka, ma ana kallon furen. Asalin itatuwan kyauta ce daga birnin Tokiyo. A shekarar 1910 dashe 2,000 suka isa can. Da malaman gona suka duba, sai suka ga ƙwari da cuta a jikinsu. Suka ji tsoro kada cutar ta shiga gonakin ƙasar. Dole aka ƙone su.

Mutanen Tokiyo ba su yi fushi ba. Suka sake rainon wasu da kulawa sosai. A shekarar 1912 suka aika da 3,020 masu lafiya. Aka dasa su a bakin ruwa. Har yau ana bikinsu duk shekara. Ka ga amfanin duba dashe kafin a kai shi gona.

Abin da furen ke nuna mana

A Kiyoto, mutanen da sun riƙa rubuta ranar da furen ya cika. Rubutun ya kai shekara 1,200. Masana sun tattara shi, sun kwatanta. Sun ga cewa yanzu furen yana riga lokacinsa na da. A shekarar 2021 ya cika ranar 26 ga Maris. Kafin wannan shekara, ba a taɓa rubuta cewa ya yi sauri haka ba. Masana sun ce dalili shi ne duniya tana ƙara zafi, birane kuma suna ƙara girma.

Akwai wani abin kuma. Itacen yana buƙatar sanyi sosai kafin ya yi fure mai kyau. Idan sanyi ya ragu, furen yakan lalace. Wannan ne ya sa ba ya yi a ƙasa mai zafi irin tamu.

Da ba a rubuta ranakun nan ba, da ba wanda zai gane canjin. To, kai ma da ka koyi rubutu, nemi ɗan littafi. Rubuta ranar ruwan farko, da ranar shuka, da ranar girbi. Bayan shekaru, kai da 'ya'yanka za ku ga yadda damina ke tafiya a garinku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.