Tauraruwa Mai Wutsiya: Mece Ce Ita, Yaya Kuma Za A Gan Ta?

Jama'a manoma, idan aka ce tauraruwa mai wutsiya ta fito, sai hankalin mutane ya tashi. Wani ya ce fari ne ke tafe, wani ya ce wani babba zai rasu. Mai ɗan kuɗi ya shiga sayen gero yana ɓoyewa, mudu ya hau, talaka ya sha wuya tun ba a ga farin ba. Saboda haka ya kamata mu san ko mece ce ita.

Ba tauraruwa ba ce sosai. Curi ne na ƙanƙara da ƙura, mai kewaya rana kamar yadda duniyarmu take yi, sai dai hanyarsa doguwa ce ƙwarai. Sa'ad da ya kusanci rana, zafi yakan sa ƙanƙarar ta zama tururi, ƙura ta tashi tare da shi. Wannan ne wutsiyar. Kullum kuwa wutsiyar tana juya wa rana baya.

Wadda aka fi sani ita ce ta Halley, sunan wani masani na Ingila. A 1705 ya yi lissafi ya ce za ta komo wajen 1758, gama takan dawo bayan shekara 75 ko 76. Ya rasu a 1742 bai gani ba. Wa ya fara hango ta? Wani manomi ne na ƙasar Jamus, sunansa Palitzsch, mai duban sama da madubinsa bayan ya tashi daga aikin gona. Ran Kirsimati ta 1758 ya gan ta, ya riga malaman birni.

Ta fito a 1910 da haske mai yawa. Ta sake fitowa a 1986, amma dushi-dushi, domin ba ta matso kusa da mu ba: ran 11 ga Afrilu, da ta fi kusa, tsakaninmu da ita kilomita miliyan 63 ne. Duk da haka mu nan Birnin Kebbi da Argungu mun fi mutanen Turai sa'a, don tana can kudu ne, ta fi tashi sama a wajenmu. A watan Maris na shekarar wata na'ura mai suna Giotto ta wuce kusa da ita ta ɗauki hoto. Ashe curin bai wuce kilomita 15 a tsawo ba, baƙi ƙirin kamar gawayi. Bai ko kai rabin tafiyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ba. Sai 2061 za ta komo.

To, batun fari fa? Wadda ake kira Kohoutek ta zo a ƙarshen 1973, bayan farin ya riga ya cinye amfanin gona. Ta Halley kuma ta zo bayan farin 1984 ya wuce. Ruwan damina daga teku iskar kudu take kawo mana shi, babu ruwan tauraruwa a ciki. Kaza da 'ya'yanta ma da dattawa ke dubawa, lokaci kaɗai take nunawa, ba ita ke zubo ruwa ba.

Yawancinsu ido kaɗai ba ya kama su. In wani a ƙungiyarku yana da madubin hangen nesa mai ido biyu, irin na sojoji, ya isa. Wanda aka rubuta 7x50 a jikinsa ya fi kyau da dare. Ku zaɓi daren da babu farin wata, ku fita bayan gari, bakin fadama inda babu fitila. Hazon hunturu shi ne babban abokin gabanku. Sama ta fi tsabta a ƙarshen damina, kamar Oktoba 2024, lokacin da wata ta tsaya a yamma bayan faɗuwar rana. Ku kashe tocila, ku ajiye waya, ku zauna cikin duhu minti 20 ido ya saba. Hannu yakan yi rawa, saboda haka a kwanta rigingine a kan tabarma, ko a jingina gwiwar hannu a kan katanga.

Kada ku sa ran ganin abin da ke cikin hotuna. Taurari za su fito kamar tsinin allura, ita kuwa kamar ɗan ɓarin auduga, wani lokaci ba wutsiya sam. In ta ɓace muku, ku kau da ido gefe kaɗan, gama gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske marar ƙarfi. Ku zana wurinta tsakanin taurari a takarda, gobe ku sake dubawa. In ta gusa, ita ce. Wadda ke wucewa fyu cikin ƙiftawar ido kuwa ba ita ba ce, ƙwayar ƙura ce ta ƙone a iska. Irin waɗannan sukan yawaita kafin asuba a farkon Mayu da wajen 21 ga Oktoba, sa'ad da duniya ke ratsa ƙurar da ta Halley ta bari a hanya.

Kada a taɓa duban rana da madubin nan, ko tana gab da faɗuwa. Yakan makantar da mutum nan take, babu magani. In gari ya waye a kulle shi cikin akwati, nesa da yara.