Minshari da Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci: Tsokaci a Kan Dasa Maganaɗisu a Wuya

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce barci ƙanen mutuwa ne, amma duk da wannan kusanci da ya hango a tsakaninsu, bai sanya minshari a cikin jerin cututtuka ba. A al'adance minshari abin tsokana ne tsakanin abokan wasa, ko kuma shaidar cewa mutum ya gaji, ko ya ci ya ƙoshi. Binciken likitoci kuwa ya tabbatar da cewa akwai wani nau'in minshari wanda ke tafiya tare da toshewar hanyar numfashi, kuma yana cin lafiyar mai shi sannu a hankali ba tare da ya sani ba.

Abin da ya jawo hankalin marubucin wannan maƙala ga batun shi ne zaman da aiki ya kai shi unguwar Abbaganaram a cikin birnin Maiduguri. A lokacin bazara, sa'ad da zafin rana kan haura digiri 40, ɗaki ba ya kwantuwa, saboda haka maza kan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. A nan ne marubucin ya lura da wani maƙwabcinsa, direban doguwar tafiya, wanda minsharinsa kan yi ƙarfi, sai ya ɗauke ɗif har a ƙirga ashirin, sannan ya shiɗe ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Haka yake yi har asuba. Da aka gaya masa, sai ya ce shi dai ya san dannau yana damunsa, kuma gyangyaɗi kan kama shi a kan hanyar Damaturu.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wannan cuta da Hausa, da hanyoyin maganinta, musamman sabuwar dabarar dasa maganaɗisu a wuya, sannan a auna dacewar dabarar da yanayin rayuwarmu.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita kalmomin da za a yi amfani da su. Minshari, ko munshari a wani karin harshen, shi ne ƙarar da tsokar maƙogwaro ke yi idan iska ta ratsa ta cikin barci. Ɗaukewar numfashi cikin barci kuwa ita ce tsayawar shigar iska na tsawon daƙiƙa 10 ko fiye. Maganaɗisu, wanda ake kira mayen ƙarfe, kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci. Akwai kuma wani ɗan ƙashi a wuya, tsakanin haɓa da maƙoshi, wanda a wannan maƙala za a kira shi ƙashin gindin harshe.

Ya kamata kuma a bambanta wannan cuta da dannau. A wajen dannau mutum yana farke a zuci, yana ji yana gani, amma ya kasa motsa gaɓoɓinsa na ɗan lokaci. Mai ɗaukewar numfashi kuwa galibi ba ya tuna komai da safe, sai dai ciwon kai da bushewar baki da kasala.

3.0 Yadda Cutar Take Aukuwa

Hanyar da iska ke bi daga hanci zuwa huhu tana da wani sashe a bayan harshe wanda ba shi da ƙashi ko guringuntsin da zai tokare shi. Tsoka ce zalla, kamar bututun roba mai laushi. Idan mutum yana farke, jijiyoyi suna riƙe tsokar a ɗame. Da zarar barci ya yi nauyi sai tsokar ta saki, harshe ya koma baya, ganɗa mai taushi da belu su sauko. Idan hanyar ta ƙuntata kawai, sai a ji minshari. Idan ta rufe baki ɗaya, sai ƙirji ya riƙa fafutikar jawo iska amma babu hanya, iskar oksijin ta ragu a cikin jini, har ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na 'yan daƙiƙoƙi domin tsokar ta sake ɗamewa.

Likitoci suna auna tsananin cutar da yawan lokutan da numfashi ya tsaya ko ya ragu a cikin awa ɗaya ta barci. Daga 5 zuwa 14 cuta ce mai sauƙi, daga 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Wato ke nan mai tsananin cutar yana iya shaƙewa fiye da sau 200 a dare guda. Abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa sun haɗa da ƙiba, da kaurin wuya, da ƙaramin muƙamuƙi, da toshewar hanci, da manyanta. Ta fi yawa ga maza, amma mata ma tana ƙaruwa gare su bayan ɗaukewar al'ada. Tana da alaƙa da hawan jini, da bugun zuciya marar daidaito, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sukari, da kuma haɗarin mota saboda gyangyaɗi. Wani ƙiyasi da aka buga a shekarar 2019 ya nuna cewa mutane wajen miliyan 936 masu shekaru 30 zuwa 69 suna da cutar a duniya, kuma miliyan 425 daga cikinsu tasu ta kai matsakaiciya ko mai tsanani.

4.0 Hanyoyin Magani da Aka Saba da Su

A shekarar 1965 Henri Gastaut da abokan aikinsa a Faransa suka bayyana yadda numfashi ke tsayawa cikin barci ta hanyar sa ido da na'urori. Da farko maganin da ake da shi mai tsanani ne, domin huda maƙogwaro ake yi a sa bututu. A shekarar 1981 Colin Sullivan na Jami'ar Sidni a Ostireliya ya wallafa sakamakon wata na'ura mai hura iska a hankali ta cikin abin rufe hanci, iskar ta zama kamar tokari da ke hana maƙogwaro rufewa. Wannan na'ura, wadda aka fi sani da CPAP, ita ce babban maganin cutar har yau. A wannan shekara kuma Shiro Fujita ya gabatar da tiyatar rage belu da wani sashe na ganɗa a Amurka. A nan ya kamata a ja kunne cewa cire belu irin na wanzamai ba ya maganin wannan cuta, domin toshewar takan kasance a wurare fiye da ɗaya.

Na'urar hura iska tana aiki sosai ga wanda ya jure mata, sai dai mutane da yawa suna ajiye ta saboda takurar kwana da abu a fuska. Wannan ya sa aka ci gaba da neman wasu hanyoyin. Akwai abin da likitan haƙori ke ƙerawa a sa a baki domin ya turo muƙamuƙi gaba. A shekarar 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar Inspire, wadda ake dasa batirinta a ƙirji, tana zungurar jijiyar harshe da 'yar wutar lantarki domin ya matsa gaba. A watan Disamba na 2024 hukumar ta amince da allurar rage ƙiba ta Zepbound ga masu ƙiba da ke fama da cutar.

5.0 Dasa Maganaɗisu a Wuya

Tushen wannan dabara shi ne samuwar maganaɗisu ƙarami mai ƙarfin gaske. A farkon shekarun 1980 Masato Sagawa a Japan, da masu bincike na kamfanin General Motors a Amurka, kowane ɓangare da ƙashin kansa, suka haɗa ƙarfe da sinadaran niyodimiyam da boron suka samar da maganaɗisun da ya fi kowane irin maganaɗisu na dindindin ƙarfi. Irinsa ne ke cikin lasifikar wayar hannu.

Wanda ya yi fice wajen shigar da shi aikin tiyata shi ne Michael Harrison, likitan tiyatar yara na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko. Ya fara da gyaran ƙirjin yara da ya lotsa ciki, inda ake dasa maganaɗisu a ƙashin ƙirji, wani kuma a waje yana jawo shi. Daga nan ne shi da abokan aikinsa suka juya ga maƙogwaro, suka ƙera na'urar da suka kira Magnap. A shekarar 2012 suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan gawawwaki, wanda ya nuna cewa jawo ƙashin gindin harshe gaba yana faɗaɗa hanyar iska. Bayan haka aka fara gwaji a kan mutane ƙalilan a jami'ar.

Dalilin zaɓar wannan ƙashi shi ne, shi kaɗai ne a jikin ɗan Adam bai haɗa gaɓa da wani ƙashi ba. Siffarsa kamar takalmin doki take, kuma tsokoki ne suka rataye shi, ciki har da na gindin harshe. Saboda haka idan aka ja shi gaba, sai ya tafi da gindin harshe da bangon maƙogwaro na gaba.

Na'urar kashi biyu ce. Kashi na farko ɗan maganaɗisu ne kamar maɓallin riga, wanda aka rufe ruf a cikin kwanson titaniyam domin kada ya yi tsatsa ko ya cutar da jiki. Ana yin 'yar tsaga a wuya a ɗaure shi a jikin ƙashin. Kashi na biyu wani abin sawa ne a wuya, wanda ake ƙera wa kowane majiyyaci daidai da shi, yana ɗauke da babban maganaɗisu a gaban maƙoshi. Bayan ciwon tiyata ya warke, majiyyaci zai riƙa sa abin wuyan idan zai kwanta. Na waje ya jawo na ciki, ƙashi ya matso, hanya ta buɗe. Da safe ya cire, komai ya koma yadda yake.

5.1 Matsalolin Dabarar

Na farko, ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri matuƙa idan tazara ta ƙaru. Mai kaurin wuya, wanda shi ne cutar ta fi kamawa, shi ne kuma kitse zai nisanta maganaɗisunsa na ciki da na waje. Na biyu, idan jan ya yi yawa zai matse fata ya kawo ciwo. Na uku, mai maganaɗisu a jiki ba zai shiga na'urar ɗaukar hoto ta MRI ba, domin ita kanta ƙaton maganaɗisu ce, kuma dole a yi hattara da masu na'urar daidaita bugun zuciya. Na huɗu, ba ta maganin toshewar da ke sama a wajen hanci ko ganɗa. Na biyar kuma mafi muhimmanci, na'urar ba ta wuce matakin gwaji ba, saboda haka ba abin da majiyyaci zai je asibiti ya nema ba ne a halin yanzu.

6.0 Dacewar Dabarar da Yanayinmu

Duk da waɗannan matsaloli, akwai dalilin da ya sa mazaunin Maiduguri zai sa ido a kan wannan bincike. Na'urar hura iska tana bukatar wutar lantarki daga kwanciya har tashi, kowane dare. A watan Janairu na 2021 'yan ta da ƙayar baya suka karya turakun babban layin wuta da ya taso daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, ba a daɗe ba aka sake karya su, birnin ya shafe mafi yawan wannan shekara babu wutar gwamnati. Ko da yake an buɗe tashar wuta mai amfani da iskar gas mai ƙarfin megawat 50 a watan Maris na 2023, wanda ya ga wancan duhu ya san cewa maganin da ya rataya a kan wuta, ratayarsa ba ta da ƙwari. Mai wadata zai sa faranti mai amfani da hasken rana da batir, talaka kuwa sai ido. Haka kuma na'urar tana bukatar sauyin matatar iska da bututu, musamman a lokacin ƙurar hunturu. Ita ma Inspire batirinta yana ƙarewa bayan kimanin shekara 10, sai an sake tiyata, kuma kuɗinta dubban dalar Amurka ne. Maganaɗisu na dindindin kuwa ba ya cin wuta, ba ya bukatar batir.

Sai dai kuma ko da na'urar ta fito gobe, ba za ta amfani wanda bai san yana da ciwo ba. Wannan cuta ce da ba mai ita ke ganinta ba, abokin kwanansa ne ke gani. A nan ne ma'aikaci ko ɗan kasuwa ko direban da ya bar iyalinsa a gida ya zo neman abinci yake cikin haɗari biyu, domin yana kwana shi kaɗai, babu matar da za ta ce masa numfashinsa yana ɗaukewa. Ita ma matar da ke kusa, kunya takan hana ta faɗa wa likita yadda maigida yake barci.

Saboda haka abin da ke hannunmu yanzu shi ne lura da alamu: minshari mai ƙarfi da ke yankewa, da shiɗewa cikin dare, da yawan tashi fitsari, da gyangyaɗin rana, da hawan jinin da ya ƙi jin magani. Wanda ya ga haka ya nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Rage ƙiba, da kwanciya a kan gefe maimakon rigingine, da barin taba da barasa da ƙwayoyin sa barci ba bisa umurnin likita ba, duk suna rage tsananin cutar. Direban da gyangyaɗi ke kamawa kuwa, rayukan fasinjojinsa suna wuyansa.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi bayanin yadda maƙogwaro ke toshewa cikin barci, da hanyoyin magani tun daga na'urar hura iska ta 1981 har zuwa dasa maganaɗisu a ƙashin gindin harshe. An nuna cewa wannan dabara ta ƙarshe tana da abin da ya dace da ƙasar da wuta ba ta da tabbas, amma tana gaban masu bincike tukuna. Aikin da ya rage ga masana harshe shi ne samar wa cutar tsayayyen suna a Hausa da Kanuri da sauran harsunanmu, a yaɗa shi ta rediyo da asibitoci, domin majiyyaci ba ya kai ƙarar ciwon da ba shi da sunan kiransa. Maƙwabcin da aka ambata a farko ya je asibiti ne bayan da aka bambanta masa dannau da ɗaukewar numfashi, kuma a ranar ce aka fara auna jininsa aka tarar ya hau.