Sojojin da Suka Nemi Makami Aka Yanke Musu Hukuncin Kisa

Duk wanda ya zauna a garin Mokolo na Kamaru a daminar 2014 ya san abin da ke faruwa a bayan duwatsun Mandara tun kafin rediyo ya faɗa. Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a farkon watan Agusta. Mutane suka yi ta gangarowa ta hanyoyin dutse, mata da goyo, tsofaffi da sanda, sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da ke kusa da Mokolo yana ta cika. Kafin watan ya ƙare sai ga labarin da kunne bai saba ji ba: sojojin Najeriya kusan 480 sun tsallako Kamaru daga wajen Gamboru Ngala bayan ƙazamin artabu. Sojojin Kamaru suka karɓe makamansu, aka sauke su a makarantu a Marwa, daga baya aka mayar da su gida. Hedkwatar tsaro a Abuja ta ce dabarar yaƙi ce.

Shekarar ke nan da ƙananan sojoji suka yi ta kukan cewa ana tura su bakin daga da bindigar da ba ta kai ta abokan gaba ba, harsashi kuma a ƙidaye. Wasu sun yi kukan a ɓoye. Wasu sun yi shi a fili, kuma labarinsu ne wannan.

Ranar 14 ga Mayu 2014 aka kawo gawarwakin sojoji barikin Maimalari a Maiduguri. An yi musu kwanton ɓauna ne a hanyar dawowa daga yankin Chibok. Da 'yan'uwansu suka ga gawarwakin sai zuciya ta ɗebe su, wasu suka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, wuta. Allah ya sa ya tsira. A watan Satumba kotun soja ta yanke wa mutum 12 hukuncin kisa ta hanyar harbi. Harbin kwamanda laifi ne babba, babu rundunar da za ta kau da kai a kansa.

Amma shari'a ta biyu daban take. Sojojin Bataliya ta 111 an umarce su a watan Agusta su je su ƙwato Delwa, Bulabulin da Damboa. Suka ce a ba su kayan aiki tukuna. Ba su harbi kowa ba. Ranar 17 ga Disamba aka yanke wa 54 daga cikinsu hukuncin kisa saboda bore. Aka ƙara wasu huɗu jim kaɗan bayan haka, adadin ya kai 70. Lauya Femi Falana, wanda ya tsaya wa da yawa daga cikinsu, ya dage cewa sojan da ya nemi makamin da zai yi yaƙi da shi bai yi tawaye ba. Ban da waɗannan, dubbai aka kora daga aiki bisa zargin gudu daga fagen fama ko ƙin bin umarni.

Da gwamnati ta sauya a 2015, rundunar sojan Najeriya ta kafa kwamiti ya sake duba takardun mutum kusan 5,000. A watan Satumba aka sanar da mayar da 3,032 bakin aiki. A Disamba aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. A wannan watan dai aka sassauta wa mutum 66 daga cikin 70 ɗin nan hukuncin kisa zuwa ɗaurin shekara 10. Mai karatu ya dubi waɗannan abubuwa biyu tare. A lokacin gwamnati da bakinta tana cewa an cinye kuɗin makamai, waɗanda suka ce ba a ba su makamai ba kuwa suna kurkuku. A farkon 2016 aka dawo da Janar Ahmadu Mohammed cikin soja, duk da ƙorafin ƙungiyar Amnesty International.

Ƙananan sojojin sun ci zamansu, suka fito a 2021. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi musu afuwa ƙarƙashin sashe na 175 na kundin tsarin mulki. Daga nan suka shiga wata fafutukar, ta neman rundunar ta goge korar da aka yi musu, ta mayar da su aiki ko ta sallame su da mutunci tare da haƙƙoƙinsu.

Farar hula zai iya cewa ai sun fito, me kuma ya rage? Abin da ya rage shi ne takarda. Sojan da aka sallama lafiya yana da garatuti da fansho, yana da abin nunawa idan ya nemi ko da aikin gadi ne. Wanda aka kora ba shi da ko ɗaya. Shekarun da ya yi yana kwana a rami sun tafi a banza, iyalinsa sun bar gidan bariki, 'ya'yansa suna jin ana kiran ubansu matsoraci. Ɗauri yana da ranar ƙarewa, kora kuwa tana bin mutum har tsufansa.

A Amurka kowane reshen soja yana da hukumar da tsohon soja zai kai kukansa cikin shekara 15 domin a gyara masa takardar sallama. A watan Satumba 2014, watan da aka yanke wa mutanen Maimalari hukunci, sakataren tsaro Chuck Hagel ya umarci masu gyaran takardun soja su sassauta wa waɗanda firgicin yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, domin sau da yawa shi ne tushen laifin. Sojan da ya yi yaƙi a Damboa ko a kan iyakar Mayo-Tsanaga ta Kamaru ya ga abin da zai iya taɓa tasa ƙwaƙwalwar.

Ina kira ga majalisun Abuja da Yawunde su kafa irin wannan hukuma ta dindindin, mai likita da lauya a cikinta, don kada gyaran takardar ƙaramin soja ya dogara ga sauyin gwamnati ko samun babban lauya. Mutum 70 ɗin nan kuma, tunda an yafe musu, a ba su takardunsu da haƙƙinsu.