Yadda ake hana yoyon ruwa a wurin wanka na mota mai ɗaki

Waɗanda suka zauna Agadas ko Tawa a shekarun 1980 za su tuna da motocin baƙi ƴan yawon buɗe ido, masu ƙetaro hamada daga Tamanrasat su biyo ta Asamaka da Arlit. Wasu daga cikin motocin nan gida ne sukutum: akwai gado, da murhu, da tankin ruwa, har da wurin wanka. Faransawa suna kiran irin wannan mota kamfin-kar. Tana da yawa ƙwarai a Amurka, inda yankin Elkhart na jihar Indiyana ya zama cibiyar ƙera ta.

Masu irin wannan mota suna da abokin gaba guda da suke tsoro, shi ne ruwan da ke yoyo a ɓoye. Wurin wanka kuwa yana cikin wuraren da ya fi ɓullowa. Bari mu duba dalili da magani.

Yadda aka haɗa wurin wankan

Kashi biyu ne. Na farko wani daro ne na roba mai tauri, wanda mutum ke tsayawa a ciki, da kafar fitar ruwa a gindinsa. Na biyu allunan roba ne da aka manna a jikin bango. Bayan allunan nan katako ne siriri, ƙarƙashin daron ma katako ne. Kowa ya san katako ba ya shiri da ruwa.

Bakin daron yana da leɓe da ya miƙe sama. Allunan bango suna saukowa su rufe leɓen ta gaba, kamar yadda ake ɗora kwanon rufi na sama a kan na ƙasa. Ta haka ruwan da ya gangaro daga bango yake faɗawa cikin daro. Wannan tsari shi ne kariya ta farko. Ɗankon da ake shafawa mataimaki ne kawai.

Me ke kawo yoyo?

Gida yana tsaye wuri guda, amma mota tafiya take. Kowane rami na hanya yana girgiza ta. Zafi yana buɗa roba, sanyi yana tsuke ta. Sannu a hankali sai mahaɗa su saki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwa yake. Ga wuraren da yake bi:

1. Gewayen kan famfo, inda aka huda allo don tiyo ya fito.
2. Kusoshin da suka riƙe alluna a bango.
3. Gindin ƙofar wurin wanka, da kusurwoyinta.
4. Bakin kafar fitar ruwa, da tiyon da ke ƙarƙashinta.
5. Daron kansa, idan ba shi da madogara mai ƙarfi a ƙasa. Kullum aka taka shi sai ya lotsa, har wata rana ya tsage.
6. Tagar rufi da ake sawa bisa wurin wanka. Wannan ruwan sama take shigo da shi.

Ɓarnar da yake yi

Ɗigo kaɗan ya isa. Katako ya jiƙe, ya kumbura, ya ruɓe. Wata rana sai a ji daɓe yana lotsawa ƙarƙashin ƙafa. A lokacin nan sai an ciro daron gaba ɗaya an sake katako, aikin da ke cin kuɗi masu yawa.

Akwai kuma batun lafiya. Fumfuna tana iya fara tsiro a wuri mai laima cikin awa 24 zuwa 48. Ɗakin mota ƙarami ne, iska ba ta yawo sosai. Shaƙar fumfuna tana kawo atishawa da tari da ƙaiƙayin ido, tana kuma tayar wa masu ciwon fuka da ciwonsu.

Yadda ake gano wurin yoyo

Kada a yi gaggawar shafa ɗanko ko'ina. A fara gano kafar tukuna. Yawancin motocin nan suna da wata ƴar ƙofa da ake leƙa ƙarƙashin daro. A buɗe ta, a shimfiɗa busasshiyar takarda, a haska da tocila.

Da farko a toshe kafar fitar ruwa, a zuba ruwa cikin daro, a jira. Idan takarda ta jiƙe, laifin daro ne ko bakin kafa. Idan ba ta jiƙe ba, a saki ruwan a duba tiyo. Bayan haka a watsa ruwa a bango ɗaya bayan ɗaya, ana farawa daga ƙasa ana yin sama. Wanda ya fara daga sama zai jiƙa ko'ina, ba zai gane kome ba.

Ga wata alama kuma. Motar tana da ɗan inji mai tura ruwa daga tanki. Idan duk famfuna a rufe suke, amma injin yana tashi da kansa jefi-jefi, mai yiwuwa wani tiyo ne ke yoyo a ɓoye.

Yadda ake gyara

Ɗankon da aka fi amfani da shi sunansa silikon. A nemi irin na wurin wanka, mai maganin fumfuna, sannan a bi waɗannan matakai:

1. A kankare tsohon ɗanko tsaf da abin kankara na roba. Ƙarfe yana ƙarzar daro. Sabon silikon ba ya kama jikin tsoho.
2. A goge wurin da alkol, a bar shi ya bushe ƙayau.
3. A shafa ɗanko siriri, layi guda ba yankewa, a bi shi da yatsa ya shiga cikin mahaɗa.
4. A ba shi awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi, ko abin da aka rubuta a jikin kwalinsa.
5. Idan daro yana lotsawa, a tokare shi ta ƙasa da katako. In ba haka ba, sabon ɗankon ma zai saki.

Sai dai a lura da abu guda. A motoci da yawa, da gangan maƙera suka bar ɗan tsakani inda allon bango ya sauka kan daro. Nan ne ruwan da ya kuskure ya shiga baya yake fitowa. Wanda ya toshe shi ya kulle ruwa cikin bango da hannunsa. Saboda haka a karanta littafin motar kafin a taɓa wurin.

Bayan kowane wanka a share bango, a buɗe taga iska ta shiga. A kuma duba mahaɗan nan kafin kowace doguwar tafiya da bayanta.

Abin da za mu ɗauka

Ba kowa ke da mota mai ɗaki ba, amma halin ruwa ɗaya ne ko'ina. A makewayinmu, wurin haɗari shi ne inda daɓen siminti ya haɗu da bangon laka. Idan za a yi daɓe, a ɗaga simintin ya hau jikin bango kamar taƙi guda, tamkar leɓen daron can. A karkata daɓen wajen kafa, misalin santimita 2 a kowace mita. A haƙa rami a cika shi da duwatsu don ya shanye ruwan, nesa da gindin bango da rijiya. Ruwan da ya kwanta yana cin tushen gini, yana kuma tara sauro mai kawo zazzaɓi. Kowace ƴar tsaga aka gani, a toshe ta tun kafin damina.

Tun ran gini ran zane. Wanda ya toshe ƴar kafa yau ya huta da tayar da bango gobe.