Darasi a Wayar Hannu: Kyauta Ce, Amma a Yi Hattara

Ranar 16 ga Maris 2020 aka rufe makarantun Gana baki ɗaya saboda cutar korona, yaran firamare kuma ba su sake zama a aji ba sai Janairun 2021. Gwamnati ta buɗe tashar Ghana Learning TV, aka riƙa saka darussa a rediyo, malamai da dama kuma suka koma ga wayar hannu. Korona ta tafi, amma karatu ta waya bai tafi ba. A Tamale yau, daga ɗalibin jami'ar UDS ko na kwalejin malamai ta Bagabaga, har zuwa yaron da ke biyan hadda a Islamiyyar Zango, da wuya ka samu wanda ba a taɓa turo masa darasi ko sanarwa ta waya ba.

Manhajojin da malamai ke aiki da su ba a sayen su. Google Classroom na ba malami damar raba aiki, ya karɓa, ya duba. Google Forms na shirya ɗan gwaji, ya fitar da maki da kansa. Kahoot, wadda 'yan Norway suka ƙirƙiro, na mayar da tambayoyi gasa. Zoom da Google Meet kuwa na haɗa aji fuska da fuska, sai dai kyautar tana da iyaka: Zoom na katsewa bayan minti 40, Meet bayan awa guda, kowannensu mutum 100 yake ɗauka.

To ina matsalar take? Manhaja kyauta ce, data ba kyauta ba ce. Darasin bidiyo na awa guda yana iya lashe ɗaruruwan megabait, kuma ba malami kaɗai ke biya ba, kowane gida da tasa asarar. Uwar da ke sayar da kayan miya a kasuwar Aboabo, wadda wayarta ce kaɗai babbar waya a gidan, ita za a ce ta bar wa yaro wayar da rana tsaka, ta kuma saka masa data. Idan an ɗauke wuta, caji ya ƙare. Idan ɗalibi ya koma ƙauye wajen Tolon ko Kumbungu, sabis na iya yanke masa a tsakiyar bayani. Malamin da ya dage sai kowa ya buɗe kyamara, ya sani ko bai sani ba, ya kori 'ya'yan talakawa daga ajinsa.

Shi ya sa a ganina, a gari irin namu, manhaja mafi amfani ita ce mafi sauƙin nauyi. Saƙon murya na minti biyar a WhatsApp ko Telegram ba ya cin data sosai, yaro zai saurara da dare bayan an dawo daga kasuwa, ya maimaita sau nawa ya ga dama. Malami na iya yin bayani da Turanci, ya ƙara da Dagbani ko Hausa inda ya ga an kakare, abin da littafi ba zai yi ba. Sai dai turo saƙo kaɗai ba koyarwa ba ne. Abin da ke riƙe ɗalibi shi ne a nemi amsa daga bakinsa: a kira sunansa, a ce ya ɗauki hoton lissafin da ya yi a takarda, ko ya karanto shafi da muryarsa a gyara masa. Tun 2022 WhatsApp na da wurin jefa ƙuri'a, kuma tambaya ɗaya mai amsoshi huɗu ta isa ta nuna wa malami waɗanda suka gane da waɗanda suka yi shiru don kunya. Makarantar da ke da kwamfuta amma babu intanet kuwa, ta nemi manhajar Kolibri: sau ɗaya ake sauke darussan, daga nan sai a yi ta aiki ba tare da data ba.

Malamai su kuma tuna cewa kayan aro ba ya rufe katara. Edmodo, wadda makarantu da yawa a duniya suka dogara da ita, ta rufe a Satumban 2022. Google ma ya kashe allonsa na Jamboard a ƙarshen 2024. Duk darasin da ka sha wahalar shiryawa, ka ajiye kwafinsa a wani wuri.

Babban haɗarin dai 'yan damfara ne, domin sun gano cewa zauren aji na WhatsApp wuri ne da mutane ke sakin jiki. Wani zai kira ka cikin ladabi, ya ambaci sunan zauren makarantar ɗanka, ya ce akwai taro ko darasi a Zoom da yamma, an turo maka lamba shida, ka karanto masa don ya saka sunanka. Wannan lambar ba ta taro ba ce, mabuɗin WhatsApp ɗinka ce. Kana faɗa masa ya ƙwace asusun, ya shiga rubuta wa 'yan uwanka da sunanka cewa su taimaka su turo kuɗi ta asusun waya na MoMo. Babu malamin da ke buƙatar irin wannan lamba daga hannunka. Haka masu buɗe zaure gab da jarrabawar BECE ko WASSCE suna tallar tambayoyin sata, abin da ɗalibai ke kira “apor”: ko dai su cinye kuɗin su tura shirme, ko yaro ya jawo wa kansa a soke sakamakonsa.

Akwai kuma batun yara mata. A zauren WhatsApp kowa na ganin lambar kowa, kuma idan mahaɗin shiga ya yaɗu, baƙo na iya kutsowa ya kwashi lambobi. Gara a saka lambar uwa ko uba maimakon ta yarinya, shugaban zaure ya riƙa tantance duk mai shiga, malami kuma ya bar maganar darasi a cikin zaure, ba a saƙon sirri da tsakar dare ba. Dokar WhatsApp kanta ba ta yarda yaron da bai kai shekara 13 ya buɗe asusu ba.

Don kare asusu daga 'yan damfara, kowa ya shiga saitin WhatsApp ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya zaɓi lambar sirri da shi kaɗai ya sani. Wanda aka riga aka ƙwace wa asusu ya sake yin rajista da layinsa nan take, ya sanar da dangi kada su tura ko sisi. Sannan ya kai ƙara Hukumar Tsaron Intanet ta Gana, wadda dokar 2020 mai lamba 1038 ta kafa: ana kiran ta ko a aika mata saƙo a kan 292.